Tsatsar da ido ba ya gani: yadda dalmar Zamfara da yashin kuzar Jos ke cin jiki ta hanya ɗaya

A tsarin aikin gwamnatin tarayya, gubar dalma da tururin nukiliya da malalar ɗanyen mai matsaloli ne guda uku, kowacce da ofishinta da fayil ɗinta. Idan yara suka kamu da gubar dalma a ƙauyen masu haƙar zinariya, maganar takan faɗa tsakanin Ma'aikatar Lafiya da ta Ma'adanai da ta Muhalli. Idan na'ura ta nuna tururi ya yi yawa a tsohon filin haƙar kuza, aikin hukumar NNRA ne, wadda dokar 1995 ta tanada. Idan kuwa bututu ya fashe a yankin Neja Delta, NOSDRA ake nema. Rabon yana da hujjarsa, domin mai auna tururi ba shi ne mai auna jini ba. Sai dai binciken da aka kwashe shekara 70 ana yi ya nuna cewa jikin mutum, da na kifi, da na tsuntsu, bai san da wannan rabo ba. Guba iri-iri sukan shigo ta ƙofofi mabambanta, amma da yawa daga cikinsu a ɗaki ɗaya suke haɗuwa su yi ɓarna.

Sunan wannan ɓarna a wajen masana ya samo asali ne daga iskar oksijin, kuma abin da ya fi kusa da ma'anarsa a Hausa shi ne tsatsa. Wanda ya taɓa fasa farin goro ya ajiye, ya dawo ya tarar fuskarsa ta rine, ya ga aikin oksijin da idonsa. Haka kwanon rufi yake ja bayan damuna da yawa, haka man gyaɗa yake sauya ɗanɗano idan ya daɗe a buɗe. Iskar da rai ba ya yiwuwa sai da ita, ita ce kuma take cin abin da ta taɓa.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai wasu ƙananan murahu da ke ƙona abinci da oksijin don samar da kuzari. Ƙonawar ba ta tafiya cif-cif. Kullum akan sami ɗan tartsatsi da ke tserewa, wato wasu ƙwayoyin sinadari da suka rasa ilektiron guda daga cikin waɗanda ya kamata su zauna bibbiyu. Irin wannan gwauron sinadari ba ya zama lafiya: duk abin da ya tarar kusa da shi, ko kitsen da ya kewaye ƙwayar halitta ne, ko furotin, ko zaren gado na DNA, sai ya fizge masa ilektiron. Wanda aka fizgewa shi ma ya zama gwauro, ya auka wa maƙwabcinsa, haka abin yake bi kamar gobarar daji a watan sanyi.

Jiki yana da masu kashe gobararsa. Akwai wani sinadari da ake kira gulutatayon, wanda hanta ke tarawa da yawa. Akwai katalas, wanda kusan duk wanda aka taɓa wanke masa rauni a asibiti ya ga aikinsa, domin kumfar da ke tashi idan aka zuba ruwan wanke ciwo na farokzayid a kan rauni shi ne yake farfasa ruwan ya mai da shi ruwa zalla da oksijin. Akwai kuma wani mai dogon suna da ake taƙaitawa da SOD, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a Amurka a 1969. Muddin masu kashe wutar sun fi tartsatsin yawa, lafiya lau. Hasali ma jiki yana buƙatar ɗan tartsatsin, domin da shi fararen ƙwayoyin jini ke hallaka ƙwayoyin cuta. Matsala tana farawa ne lokacin da ma'auni ya karkata, tartsatsi ya rinjayi masu kashe shi. Wannan karkatar ce masanin Jamus Helmut Sies ya raɗa wa suna a 1985, sunan da ya bi dubban rubuce-rubucen bincike tun daga lokacin.

Amma wadda ta fara haɗa tsatsar da tururi mace ce 'yar Ajantina, Rebeca Gerschman. A 1954, tana aiki a Jami'ar Rochester, ita da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Science cewa gubar da oksijin mai yawa ke yi wa dabba da lahanin da hasken hoton ƙashi mai ƙarfi ke yi mata hanyarsu ɗaya ce. Bayanin da ya tabbata daga baya mai sauƙi ne. Mafi yawan abin da ke cikin ƙwayar halitta ruwa ne. Idan tururi ya ratsa jiki, ya fi yawan cin karo da ruwa a kan ya ci karo da zaren gado kai tsaye, sai ya tsaga ruwan ya fitar da gwauron sinadari mafi zafin hali da aka sani a jikin mai rai. An ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na lahanin da irin wannan haske ke yi wa DNA ta wannan karkatacciyar hanya yake zuwa.

Dalma ba ta fitar da tururi, amma ƙarshenta a nan take sauka. Tana kama gulutatayon ta ɗaure shi, ta kuma ture sinadarin zinki daga gurbinsa a cikin furotin ɗin da ke buƙatarsa. Tana toshe wani mataki na haɗa jan jini, sai abin da ya kamata a sarrafa a matakin ya taru, taruwarsa kuma ta haifar da ƙarin tartsatsi. Wato tana hura wuta tana kuma ɗaure hannun masu kashe ta a lokaci guda. Ba wannan ce kaɗai hanyar da dalma ke cutarwa ba, domin a ƙwaƙwalwar yaro tana kwaikwayon kalsiyom ta rikita saƙonnin jijiyoyi, amma tsatsar tana da babban kaso a abin da ke samun jini da ƙoda da hanta.

Nijeriya ta ga iyakar abin da dalma ke iya yi a 2010. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bibiyar cutar sanƙarau a Jihar Zamfara suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaran sukan yi amai da jijjiga, su suma, su rasu, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Tashin farashin zinariya a duniya ya sa mutane sun duƙufa haƙa, dutsen da suke haƙowa kuwa cike yake da dalma. Ana kawo shi gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Da jami'an cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, sun tarar cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin wata goma sha biyu, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Daga cikin waɗanda aka auna jininsu, kashi 97 cikin 100 suna da dalma maikirogiram 45 ko fiye a kowace desilita, adadin da likita ke fara ba da maganin fitar da guba a kansa. Na'urar hannu da aka zo da ita iyakarta 65, kuma jinin yawancin yaran ya wuce abin da take iya karantawa. A wasu wuraren niƙa, dalma ta haura kashi 10 cikin 100 na nauyin ƙasar da aka ɗiba. An ƙiyasta yara aƙalla 400 ne suka rasu a jihar. Don a gane nisan tazarar, ma'aunin da CDC ke amfani da shi a yau wajen cewa yaro yana buƙatar kulawa shi ne 3.5, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Abin da ya tsayar da mace-macen shebur ne da baro, kafin ƙwayar magani. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jihar da mutanen ƙauyukan, sun kankare saman ƙasar gidaje, suka binne ta a ramukan da aka tanada, suka zuba sabuwa. Likitoci sun dage cewa ba za a fara ba yaro magani ba sai an tsabtace gidansu, domin wanke jini a mayar da yaro kan ƙasar da ta gurɓata shi aikin baban giwa ne. Wannan sharaɗi ne ya sa Bagega, gari mafi girma a cikin waɗanda abin ya shafa, ya zama abin kunya ga Abuja. An yi alkawarin naira miliyan 850 a 2012, kuɗin suka maƙale a tsakanin ofisoshi, yara kimanin 1,500 suna jira. Sai a Janairun 2013, bayan matsin lambar ƙungiyar Human Rights Watch da matasan Follow The Money, aka saki kuɗin. Duk ma'aikacin da ya san yadda takarda ke kwana a kan tebur ya san babu wanda ya yi nufin kashe yaro a cikin waɗannan watanni. Dalmar dai ba ta tsaya jiran sa hannu ba. Shekara biyu bayan haka, a 2015, irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda gwamnati ta sanar da rasuwar yara 28.

Lamarin tudun Jos ba shi da wannan ƙara, shi ya sa ya fi wuyar sayarwa a zauren kare kasafi. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suke haƙar kuza a Bukuru da kewaye, daga baya aka ƙara da kwalambayit. Abin da suka bari shi ne ɗaruruwan tafkuna da tsibin yashin da aka tace ma'adini daga cikinsa. A cikin yashin akwai monazayit da zirkon, duwatsun da ke ɗauke da toriyom da yuraniyom. Haƙar ba ta ƙirƙiri tururin ba, tana nan a cikin dutse tun fil'azal, amma ta fito da shi sarari ta tara shi wuri guda. Masana kimiyyar tururi na Jami'ar Ibadan sun auna ƙasa da amfanin gona a Bitsichi, sakamakon da suka wallafa a 2007 ya kuma bayyana wurin a matsayin yanki mai yawan tururi. Mutane suna noman rani da ruwan tafkunan, wasu suna ɗibar yashin su yi gini da shafe. Matsakaicin tururin da ɗan Adam ke samu daga yanayi a duniya milisibat 2.4 ne a shekara, ƙa'idar ƙasa da ƙasa kuma ta ce kada aikin ɗan Adam ya ƙara wa jama'ar gari fiye da 1 a kan haka. Wanda ya shafe ɗakin kwanansa da irin wannan yashi yana iya wuce ƙa'idar ba tare da ya ji ko da ciwon kai ba. Toriyom kuwa sai ya yi shekara biliyan 14 kafin rabinsa ya lalace, don haka batun a jira ya wuce bai ma taso ba.

Tambayar da ta fi wahala ita ce: me ƙaramin tururi na kullum yake yi wa mai rai a tsawon shekaru? Wurin da aka fi neman amsarta shi ne dajin da ya kewaye tashar Chanobil a Yukren, wadda ta fashe ranar 26 ga Afrilun 1986, aka kwashe mutane daga kewayen kilomita 30. Timothy Mousseau da Anders Møller sun yi shekaru suna kama tsattsewa a can, suka ba da rahoton fararen tabo a gashinsu da ƙarancin sinadaran kariya a jininsu. Wasu masanan sun soki hanyar aikinsu, suna nuni da yadda kyarkeci da barewa suka yawaita a dajin tun da mutum ya fita. Gardamar ba ta mutu ba har yau. A 2014 wani bincike da Ismael Galván ya jagoranta a kan tsuntsaye 152 daga jinsi 16 ya fito da abin da ba a zata ba: a yawancin jinsunan, tsuntsayen da ke zaune inda tururi ya fi yawa sun fi gulutatayon, tsatsar jikinsu kuma ta fi ƙanƙanta. Kamar jikinsu ya ƙara ɗaukar ma'aikatan kashe gobara. Waɗanda suka sha wuya su ne masu jan gashi, domin haɗa wannan launi yana cinye gulutatayon ɗin da kariya ke buƙata. A 2022 kuma Pablo Burraco da Germán Orizaola suka nuna cewa kwaɗin bishiya na cikin yankin sun fi na waje duhun fata, baƙin launi kuwa an san yana rage lahanin tururi.

Akwai masu ɗaukar irin wannan sakamako su ce ashe tururi kaɗan ba komai ba ne. Wannan gaggawa ce. Kwaɗo yana hayayyafa cikin 'yan shekaru, kuma idan baƙaƙe suka yawaita, mai yiwuwa ne saboda masu hasken fatar sun mutu tun farko. Abin da ake kira sabo a wajen jinsi, asara ce a wajen ɗaiɗaikun da ba su kai ba, kuma babu gwamnatin da za ta tsara manufa a kan jama'arta da wannan lissafi.

Darasin da ya fi amfani daga waɗannan dabbobi shi ne cewa tsatsar tana aunuwa. Idan kitsen ƙwayar halitta ya ƙone yakan bar wani toka da ake kira MDA. Idan zaren gado ya ji rauni aka gyara, ɓurɓushin gyaran yakan fita a fitsari, ana kuma iya ƙirga shi. Ƙarfin katalas da SOD yana hawa ko sauka gwargwadon matsin da jiki ke ciki. Jami'o'in Nijeriya sun daɗe da ƙwarewa a wannan awo, kuma dabbar da suka fi dogara da ita ita ce tarwaɗa, saboda tana da arha, tana da juriya, tana kuma kwana a cikin laka inda ƙarafa masu guba ke kwanta. An yi irin wannan aiki a kan kifin kogunan da ruwan masana'antu ke shiga, irin su Challawa a Kano inda majemu ke zubar da ruwa mai kuromiyom, da kuma rafukan Neja Delta. Hantar tarwaɗa takan nuna alama tun ruwa yana kama da mai tsabta a ido, tun kafin asibiti ya ga majinyaci na farko.

Sai dai mafi yawan waɗannan sakamako a kan kanta suke ƙarewa, a cikin kundin digiri mai baƙar bango. Ɗalibi ya ɗebi kifi sau ɗaya a damuna ɗaya, ya kare kundinsa, ya tafi hidimar ƙasa. Mai zuwa bayansa ya zaɓi wani kogin da wata hanyar awo. Awon tsatsa kuwa ba ya faɗin sunan mai laifi, domin zafin ruwa da yunwa da cuta duk suna iya ɗaga shi. Yana zama hujja ne idan an maimaita shi a wuri ɗaya, da hanya ɗaya, shekara bayan shekara, aka kuma haɗa shi da awon ƙarfen da ke cikin ruwa da laka. Kayan wannan rabin na biyu ma akwai su a gida: ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke cibiyar CERT a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, babban amfaninta shi ne gano sinadaran da ke cikin samfurin ƙasa ko tsiro ko nama. Abin da ya yi ƙaranci shi ne layin kasafi mai ɗorewa da zai ɗaure jami'a da NESREA da NNRA a kan jadawalin awo guda.

Wani abin da binciken ya fito da shi, wanda ya shafi Nijeriya fiye da ƙasashe da yawa, shi ne cewa guba ɗaya ba ta yi wa kowa daidai. Yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsewa, kuma idan cikinsa babu abinci, ko jikinsa na ƙarancin sinadarin ƙarfe na jini da kalsiyom, tsotsewar takan ƙaru. Mai cutar sikila jajayen ƙwayoyin jininsa suna cikin matsin tsatsa tun asali. Akwai kuma wani rashi na gado da ake kira ƙarancin G6PD, wanda ya yawaita a tsakanin maza a Afirka ta Yamma, mai rage wa jan jini ikon sabunta gulutatayon. Likitocin yara a ƙasar nan sun daɗe da sanin cewa kafur ɗin da ake sa wa a akwatin kayan jarirai yana iya farfasa jinin irin wannan jariri ya jefa shi cikin shawara mai tsanani. Ma'aunin da aka tsara a kan lafiyayyen baligi mai cin abinci sau uku bai lissafa da waɗannan ba.

Daga nan ne 'yan kasuwa suka sami ƙofa. Tunda tsatsa ce matsalar, in ji tallar, sai a sayi ƙwayoyin da ke kashe ta. Gaskiya ne an yi gwaje-gwaje da yawa a jami'o'in ƙasar nan inda aka ba ɓeraye dalma tare da ruwan zogale ko na wasu ganyaye, aka ga MDA ya sauka. Amma ɓera a keji na mako huɗu daban, mutum daban. A Finlan an gwada ƙwayar bita-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, a kan maza masu shan taba sama da 29,000. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka sha ƙwayar. Wani gwajin a Amurka an dakatar da shi a 1996 saboda irin wannan dalili. Ganye da 'ya'yan itace a cikin abinci suna da amfaninsu, ba a jayayya a kai. Amma duk takardar neman kwangila da ta zo da shawarar raba ƙwayoyin kariya ga mazauna gurɓataccen wuri a maimakon kwashe gurɓatar, ta cancanci a mayar da ita inda ta fito.

Maganar ta sake zama ta yau. A Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sanya a Zamfara tun Afrilun 2019. Farashin zinariya, wanda yake wajen dala 1,200 kowane oza lokacin da yaran Dareta ke mutuwa, ya haura dala 3,000 a 2025. MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin jihar tun 2022, kuma rashin tsaro ya sa zuwa da yawa daga cikin ƙauyukan ya zama da wuya ga mai ɗaukar samfurin jini. Dutsen da ke ƙarƙashin Anka bai sauya ba.

Akwai kuma lissafin da ya kamata ya kasance a kan teburin wani a Ma'aikatar Lafiya. Dalma takan ragu da rabi a jinin babba cikin kimanin wata guda, amma wadda ta shige ƙashi takan zauna shekaru gommai. Idan mace ta ɗauki ciki, jikinta yakan ciro kalsiyom daga ƙashinta don gina na ɗan tayi, dalmar da ke ajiye ta biyo shi, ta ratsa mabiyiya, ta kuma fito a nono. 'Yan matan da suke da shekara uku a Bagega da Dareta da Abare a 2010, waɗanda suka tsira, sun kai shekarun aure da haihuwa yanzu.